Maroƙin Azurfa: Dinarin Rum da Kirarin Sarakunansa

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya ji an ce "dinari", zinariya ce take fara faɗo masa a rai, musamman tun da yake da dinari malamanmu suke ƙiyasta nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki. Sai dai ba kowa ne ya san cewa kalmar baƙuwa ce ko a bakin Larabawan da muka aro ta daga gare su ba. Asalinta daga Latin ne, harshen mutanen birnin Rum na ƙasar Italiya, inda ake cewa denarius, kuma a can sunan wani ɗan ƙaramin kuɗi ne na azurfa wanda faɗinsa bai wuce santimita 2 ba. Daga baya ne sunan ya rataya a wuyan kuɗin zinariya, ya bi ta bakin Girkawa da mutanen Sham ya shiga Larabci, har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga nasa dinarin na zinariya mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira.

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? Me ya kai ɗalibin Hausa tonon kuɗin Rumawa? Amsar ita ce, mu a wannan sashe an koya mana nazarin kirari da take da waƙar fada, an kuma ja mana kunne cewa maroƙi ba marubucin tarihi ba ne, ko da yake akwai tarihi a bakinsa. Da na dubi hotunan waɗannan kuɗaɗe a littattafan masana, sai na ga ashe darasin nan ne dai aka zana a kan azurfa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, zanen da ke kan dinarin Rum kirari ne, don haka da kunnen mai nazarin kirari ya kamata a saurare shi. Yana faɗin abin da mai mulki yake so a ɗauke shi, ya ƙetare abin kunyarsa, sau da yawa kuma abin da ya fi nanatawa shi ne abin da aka rasa. Amma dinari yana da wani baki na biyu wanda fada ba ta iya saya ba, wato nauyinsa da tsarkin azurfarsa, kuma idan bakunan nan biyu suka saɓa, na biyun ne abin gaskatawa.

Asalin Dinari

Rumawa sun fara buga dinari wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya (K.M.), ana tsakiyar yaƙinsu da Hannibal, sarkin yaƙin birnin Kartaj wanda kufansa ke ƙasar Tunisiya ta yau. Ma'anar sunan ita ce "mai goma", domin dinari ɗaya daidai yake da kuɗin tagulla goma, shi ya sa ake yi masa alamar X. Nauyinsa na farko kimanin giram 4.5 ne. A fuskarsa akwai kan wata mace sanye da kwalkwali, wadda take wakiltar birnin Rum. A bayansa kuma wasu tagwaye ne a kan dawaki, Kasto da Folus, waɗanda Rumawa suka ɗauka majiɓintansu ne a fagen fama. Babu fuskar wani mahaluki mai rai.

Dalili kuwa, a wancan zamani Rum jamhuriya ce. Bisa ga tarihinsu, tun shekara ta 509 K.M. suka kori sarkinsu na ƙarshe, har kalmar "sarki" ta zama abin ƙyama a kunnensu. Aikin buga kuɗi yana hannun wasu samari uku ne 'ya'yan manyan gidaje, waɗanda ake sauyawa kowace shekara, maƙerar kuma tana kusa da haikalin gunkiyarsu Juno Moneta a kan tudun Kafitol. Sai dai daga wajen shekara ta 130 K.M. sai samarin nan suka fara cusa tarihin gidajensu a kan kuɗin jama'a. Masana suna danganta wannan sauyi da dokar da aka kafa a 139 K.M. ta jefa ƙuri'a a ɓoye, wadda ta sa dole ɗan takara ya nemi hanyar cusa sunan gidansu a zukatan masu zaɓe.

Alal misali, a shekara ta 56 K.M. Fostus, ɗan shahararren sarkin yaƙin nan Sulla, ya buga dinari mai nuna mahaifinsa a zaune bisa kujera, ga Bokus, wani sarki na Arewacin Afirka, durƙushe yana miƙa masa reshen zaitun, ga kuma Yugurta sarkin Numidiya ɗaure da hannu a baya. Abin ya faru da gaske a 105 K.M. Amma wanda ya ja rundunar da ta yi wannan yaƙi shi ne Mariyus, Sulla kuwa ƙaramin jami'i ne a ƙarƙashinsa, kuma babu ko alamar Mariyus a kan kuɗin. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana jero kakannin ubangidansa ya san wannan salo: ba a ƙirƙiri ƙarya ba, an dai zaɓi inda za a haska fitila.

Fuskar Mai Rai Ta Hau Kuɗi

A farkon shekara ta 44 K.M. aka yi abin da ba a taɓa yi ba a maƙerar birnin Rum: aka buga dinari da kan Yuliyos Kaisar alhali yana raye, wasu ma da rubutun da ke cewa shi ne mai cikakken iko na dindindin. Rumawa sun san cewa wannan al'adar sarakunan Gabas ce, magadan Iskandar. Ba a yi wata uku ba, ranar 15 ga Maris, wasu 'yan Majalisar Dattawa suka daba masa wuƙaƙe har lahira. Ba na cewa kuɗin ne kaɗai ya jawo masa ajali, amma yana cikin abubuwan da suka tabbatar wa maƙiyansa cewa sarauta yake nema.

Abin mamaki yana ga Burutus, jagoran masu kisan. Tun yana saurayi, a 54 K.M., ya buga dinari mai ɗauke da sunan 'Yanci da hoton kakansa wanda aka ce shi ya kori sarakuna. A shekara ta 42 K.M., yana gabas da rundunarsa yana shirin yaƙi da magadan Kaisar, sai aka buga masa dinarin da ya fi kowane suna a tarihin Rum. A bayansa an zana hula a tsakanin wuƙaƙe biyu, irin hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, a ƙasa kuma an rubuta EID MAR, wato tsakiyar Maris, ranar kisan. Saƙon a fili yake: da wuƙaƙen nan muka 'yanta ƙasa. Marubucin tarihi Kasiyus Diyo ya ambaci wannan kuɗi fiye da shekara 250 bayan buga shi. To amma sai a juya ɗaya fuskar: kan Burutus ne da kansa, yana raye. Wanda ya kashe mutum don ya yi kama da sarki, ga shi ya aikata abin da ya sa aka zargi mamacin. A watan Oktoba na wannan shekara aka ci shi da yaƙi a Filibi, ya kashe kansa.

Wannan dinari yana koya mana cewa kada mai nazari ya tsaya ga fuska ɗaya, domin abin da baya ya yi iƙirari, sau da yawa gaba takan tona shi.

Agustas, Gwanin Fada

Wanda ya gaje Kaisar, ya kuma kawar da duk abokan hamayya, shi ne Oktabiyan, wanda Majalisa ta ba laƙabin Agustas a 27 K.M., ya yi mulki har shekara ta 14 Miladiyya. Shi ne ya mayar da dinari cikakken maroƙin fada. Bayan ya ci Markus Antoniyos da Sarauniya Kiliyofatara a yaƙin ruwa na Aktiyum a 31 K.M., sai a 28 K.M. aka buga dinari mai hoton kada da rubutun da ke cewa an kame Masar. Mai karatu ya lura: yaƙin nan na basasa ne, Barume ne ya yaƙi Barume, amma kuɗin bai ambaci Antoniyos ba ko kaɗan. An mayar da yaƙin 'yan gida ɗaya ya zama cin wata baƙuwar ƙasa, domin nasara a kan ɗan'uwa ba abin alfahari ba ce a idon Rumawa.

Haka kuma, wata tauraruwa mai wutsiya ta bayyana a watan Yuli na shekarar da aka kashe Kaisar, jama'a suka ce ruhinsa ne ya hau sama. Agustas ya sa aka zana ta a kan dinari tare da sunan Kaisar a matsayin abin bauta, shi kuma ya riƙa kiran kansa ɗan abin bauta a kan kuɗinsa. Marubuci Suwetoniyus ya ruwaito cewa har burujin da ya danganta haihuwarsa da shi ya sa aka buga a kan azurfa, don a san cewa taurari ma sun yarda da mulkinsa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na tutocin yaƙi. A shekara ta 53 K.M. Fartiyawa, masu mulkin Farisa a lokacin, suka ragargaza rundunar Karasus a Harran, suka kwashe tutocin Rum masu siffar gaggafa, abin da Rumawa suka ɗauka babban abin kunya. A shekara ta 20 K.M. sarkin Fartiyawa ya mayar da tutocin ta hanyar sulhu, ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Amma dinarin da aka buga don tunawa da wannan ya nuna Bafartiye durƙushe a kan gwiwa yana miƙa tuta, tamkar wanda aka ci da yaƙi. Daular Fartiyawa kuwa ta ci gaba da zamanta fiye da shekara 200 bayan haka.

Sai kuma abin da aka yi shiru a kansa. A shekara ta 9 Miladiyya ƙabilun Jamus ƙarƙashin Arminiyus suka yi wa Barus kwanton ɓauna a dajin Tutobag, suka hallaka runduna uku cur. Babu dinarin da ya ambaci wannan masifa. Amma a Kalkiris, wurin da masana da yawa suke ganin a nan aka gwabza, masu haƙar kayan tarihi sun tono dinari masu yawa da sojojin suka zubar, da yawansu masu hoton Gayus da Lusiyus, jikokin Agustas waɗanda ya tanada su gaje shi. Kafin ranar yaƙin kuwa duk su biyun sun riga sun rasu, ɗaya a shekara ta 2, ɗaya a ta 4. Wato sojan Rum ya faɗi a dajin Jamus da albishirin magadan da ba su nan a cikin jakarsa.

In Ganga Ta Faye Zaƙi

Hausawa kan ce in ka ji ganga ta faye zaƙi, to ta kusa fashewa. Ban ga inda wannan karin magana ya fi dacewa ba kamar bayan dinarin sarakunan da suka biyo baya, inda aka saba zana kyawawan halaye cikin siffar mata, irin su Zaman Lafiya da Aminci da Haɗin Kai da Amana, kowace da sunanta a rubuce.

A shekara ta 69 Miladiyya sarakuna huɗu aka yi a Rum. Oto, wanda ya hau bayan an kashe Galba a watan Janairu, ya buga dinari mai shelar zaman lafiyar duniya baki ɗaya da amincin jama'ar Rum. A watan Afrilu aka ci rundunarsa, ya kashe kansa, mulkinsa wata uku. Bitaliyus da ya karɓa ya buga kuɗi mai hannuwa biyu suna musafaha da rubutun "amanar runduna"; kafin shekara ta ƙare babban hafsansa da jiragen yaƙinsa sun koma wajen Basfasiyan, shi kuma aka ja shi a titi aka kashe. Nerba, tsohon da Majalisa ta ɗora a shekara ta 96, ya yawaita buga musafahar nan da sunan haɗin kan runduna. A 97 dogaran fada suka tsare shi a gidansa, suka tilasta masa ya miƙa musu waɗanda suka kashe magabacinsa, dole ya ɗauki sarkin yaƙi Tarajan ya zama magajinsa don ya tsira.

A shekara ta 238 Majalisa ta naɗa dattawa biyu, Fufiyenus da Balbinus, su yi mulki tare. Kuɗin azurfarsu cike yake da musafaha, an rubuta ƙaunar juna, da amanar juna, da haɗin kan sarakuna. Su kuwa kowa yana zargin ɗan'uwansa da neman kawar da shi, har ranar da dogarai suka faɗo fada suna cikin jayayya, aka kashe su duka biyu bayan kimanin wata uku. Baleriyan kuma, wanda kuɗinsa ya yi masa kirari da mai farfaɗo da Gabas, shi ne Shafur na Farko, sarkin sabon gidan sarautar Farisa, ya kama da ransa a shekara ta 260, ya mutu a hannun maƙiya. Shafur ya sa aka sassaƙa nasararsa a jikin dutse a Naƙshi Rustam, inda ake ganin wani sarkin Rum durƙushe a gaban dokinsa, wani kuma ya riƙe shi a hannu. Durƙuson da Agustas ya zana wa Bafartiye ya dawo kan Rum.

Ba na cewa duk inda aka rubuta "haɗin kai" to lalle akwai rabuwa, domin wasu kalmomin sun zama al'ada, ana maimaita su ko ana lafiya. Abin da nake cewa shi ne, idan sarki ya dage a kan kalma ɗaya, ya kamata mai nazari ya koma ga sauran shaidu ya tambaya ko mene ne yake damun fada a wannan shekara. A bisa misalan nan, rubutun ya fi kama da addu'ar mai jin tsoro fiye da labarin abin da ya tabbata.

Hujjar Masu Musu

Adalci ne a faɗi cewa ba duk masana ne suka yarda a kira wannan abu farfaganda ba. Ita kanta kalmar, ko da yake daga Latin take, ba ta yi suna ba sai bayan 1622, lokacin da Fafaroma ya kafa wata hukuma ta yaɗa addini. Rumawan dā ba su da ma'aikatar watsa labarai irin ta gwamnatocin zamani. A shekarar 1956 masanin tarihi A. H. M. Jones ya yi musun cewa jama'a suna kula da zanen kuɗi. Ya kwatanta shi da zanen da ke kan takardar aika wasiƙa, ya kuma nuna cewa mutanen gabashin daular ba Latin suke ji ba. A 1982 kuma Barbara Levick ta kawo ra'ayin cewa jami'an maƙera ne suke zaɓen zane don su faranta wa sarki rai, wato shi ne ainihin wanda ake yi wa magana.

Hujjojin nan suna da ƙarfi. Gaskiya ne yawancin talakawan daular ba su iya karatu ba, kuma dinari yakan yi shekaru da dama yana yawo har zanensa ya goge. Amma ni a ganina ba su rushe maganar ba, saboda dalilai uku.

Na farko, kwatancen Jones ya juya masa baya idan aka kawo shi ƙasar Hausa. Mene ne sunan da kakanninmu suka raɗa wa takardar nan da ake mannawa a jikin wasiƙa? "Kan sarki." Mutanen da ba su karanta Turancin da ke kanta ba sun ga kan Sarkin Ingila, sun kuma san ko ikon wane ne yake nunawa. Hoto ba ya bukatar tafinta.

Na biyu, akwai shaidar cewa mutanen wancan zamani sun kula. Suwetoniyus ya ruwaito cewa a zamanin Tibariyas, shiga makewayi ko gidan karuwai da kuɗi mai hoton Agustas laifi ne da yake iya kai mutum ga halaka. Bayan Rumawa sun rushe birnin Ƙudus a shekara ta 70, kuɗin Basfasiyan ya riƙa nuna ƙasar Yahudiya cikin siffar mace mai makoki a zaune. Da Yahudawa suka sake tawaye a 132 ƙarƙashin Bar Kokba, sai suka tattara dinarin Rum suka sake buga nasu tambarin a kai, da zanen inabi da reshen dabino da rubutun Ibrananci na neman 'yancin birninsu. A kan wasu har yau ana hango burbushin fuskar sarkin Rum a ƙarƙashi. Mutumin da bai ɗauki hoto a bakin kome ba, ba zai wahalar da kansa wajen danne shi ba.

Na uku, ra'ayin Levick shi ne ma ya fi kusa da abin da nake faɗa. Makaɗin fada ai sarki yake fuskanta, shi yake so ya ji daɗi, ba kuma sarki ne yake tsara masa baiti ba. Duk da haka a bainar jama'a yake waƙar, kowa yana ji, kuma ya san iyakar abin da fada za ta lamunta. Haka jami'in maƙera yake. Daɗin daɗawa, babbar hanyar da sabon dinari yake bi ya shiga hannun mutane ita ce albashin soja, wanda ya kai dinari 225 a shekara a zamanin Agustas, Domitiyan kuma ya mayar da shi 300. Sojoji ne suke ɗora sarki su sauke shi, su ne kuma suke fara ganin sabon zane. Ba banza ba ake yawan yi musu maganar amana.

Shaidar Ma'auni

Yanzu sai mu juya ga bakin nan na biyu. A zamanin Agustas nauyin dinari kimanin giram 3.9 ne, kuma kusan tsantsar azurfa ce. A shekara ta 64, shekarar da gobara ta cinye yawancin birnin Rum, Niro ya rage nauyin zuwa kimanin giram 3.4, ya kuma sa aka gauraya jan ƙarfe. Binciken da Kevin Butcher da Matthew Ponting suka yi ta hanyar huda cikin kuɗin ya nuna azurfar ta sauka zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari. Zuwa zamanin Satimiyus Seberus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, azurfar ta koma kimanin rabi. Ɗansa Karakalla ya ƙara wa soja albashi da rabin abin da suke karɓa, sa'an nan a 215 ya fito da wani sabon kuɗi wanda masana suke ganin an ƙayyade shi a matsayin dinari biyu, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Zuwa shekara ta 270 azurfar da ke cikin wannan sabon kuɗi ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba: tagulla ce aka shafa wa farin ruwa a sama, wanda yake gogewa bayan ɗan yawo a hannu. A kan irin wannan kuɗi na zamanin Galiyenus ne ake karanta kalmomin yalwa da wadata da zaman lafiya na har abada.

Shin jama'a sun ruɗu? Shaidu sun nuna ba su ruɗu ba. Tasitus, wanda ya yi rubutu a shekara ta 98, ya ce ƙabilun Jamus na bakin iyaka sun fi son tsofaffin dinarin zamanin jamhuriya waɗanda suka sani suka amince da su. A kudancin Indiya, inda fataken Rum suke zuwa sayen barkono, yawancin dinarin da aka tono na Agustas ne da Tibariyas, na bayan sauyin Niro kuwa kaɗan ne. Dinarin da Antoniyos ya buga wa rundunoninsa kafin Aktiyum, mai hoton jirgin yaƙi, an yi masa algus tun asali, saboda haka ba wanda ya damu da ɓoye shi ko narka shi, ya yi ta yawo fiye da shekara 200, alhali masu kyau na Agustas, wanda ya ci shi da yaƙi, sun daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Akwai kuma wata takarda da aka samu a Masar, ta shekara ta 260, inda wani hakimi yake umartar 'yan canji da su buɗe rumfunansu su karɓi kuɗin sarakuna, domin sun rufe sun ƙi karɓa.

Ƙarshen al'amarin ya bayyana a dokar ƙayyade farashi da Diyokiletiyan ya kafa a shekara ta 301. A cikinta an yanke wa ɗan ƙodagon gona dinari 25 a yini ban da abinci, alhali sojan Agustas bai kai ga samun dinari ɗaya cikakke a yini ba. A lokacin dinari ya kusa zama suna kawai da ake lissafi da shi. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya: ana iya umartar maƙeri ya rubuta wadata, amma ba a iya umartar mai sayar da alkama ya gaskata.

Kammalawa

Kamar yadda na faɗa tun farko, ban ɗauko wannan batu don sha'awar Rumawa kawai ba. Akwai kuskure iri biyu da nake gani a tsakaninmu ɗalibai idan mun zo nazarin adabin fada. Wani yakan ɗauki duk abin da makaɗi ya faɗa ya zuba a cikin kundinsa a matsayin tarihi, ya ce wane ya ci gari kaza tun da an ce ya ci. Wani kuma yakan yi watsi da shi gaba ɗaya, ya ce ai roƙo ne, ba abin da za a tsinta. Dinarin Rum ya nuna cewa duka biyun asara ce. Wanda ya gaskata Bafartiyen nan mai durƙuso zai rubuta yaƙin da ba a yi ba; wanda kuma ya yar da kuɗin don ya gane akwai ƙari a ciki, ya rasa sanin irin zafin da kunyar Harran ta yi wa Rumawa shekara 33, har sarkinsu yake bukatar a ga an rama.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana shawara, duk lokacin da aka ɗora mana wani yabo a gaba, ko na baka ne ko rubutacce ko zane, mu yi masa tambayoyin da muka yi wa dinari: wa ya biya aka yi shi, wa ake so ya ji, wa aka tsallake ba a ambata ba, wane abu ake ta nanatawa, sa'an nan wace shaida ce a waje da za mu ɗora shi a kai mu auna? Ina kuma roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu sani, da su riƙa haɗa mu da takwarorinmu na sashen Tarihi a irin wannan nazari, domin su suna da ma'auni, mu kuma muna da kunnen jin kirari, kuma aikin ba ya kammala sai da duka biyun.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi kuskure, ƙofa a buɗe take ga duk mai gyara a fitowa ta gaba.